Yadda Ake Yanke Farashin Aikin Gina Shafin Intanet: Bayani Ga Ƙananan Hukumomi, Ƙungiyoyi Da Matasa Masu Sana'ar

A 'yan shekarun nan buƙatar mallakar shafin intanet ta tashi daga manyan birane ta shiga garuruwa da ƙauyuka. Makarantu masu zaman kansu suna son wurin da iyaye za su duba sakamakon jarrabawar 'ya'yansu, ƙungiyoyin manoma da na mata masu sana'a suna son masu saye da masu ba da tallafi su san da zamansu, su kuwa ƙananan hukumomi, tun bayan hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ana ƙara sa ran za su riƙa bayyana wa jama'a ayyukansu da kasafin kuɗinsu a fili. A ɗaya ɓangaren kuma ga matasanmu da suka koyi wannan sana'a, wasu a kwalejojin kimiyya da fasaha, wasu ta hanyar shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023, wasu kuma da ƙoƙarin kansu, waɗanda yawancinsu ba sa aiki a ƙarƙashin kowane kamfani.

Inda matsalar take shi ne wajen ciniki. Wanda zai sayi buhun masara ya san farashin kasuwa tun kafin ya bar gida, amma jami'in da aka ba umarnin samar wa ofis shafin intanet yakan karɓi takardun farashi uku, ɗaya ta ce naira 60,000, ɗaya ta ce 400,000, ɗaya kuma ta haura miliyan biyu, alhali a ganinsa aiki ɗaya ya nema. Shi ma matashin da zai yi aikin sau da yawa bai san abin da ya kamata ya faɗa ba, sai ya dubi fuskar mai ba da aikin ya yanke abin da yake jin ba za a ce masa ya yi tsada ba. Ƙarshen irin wannan ciniki ba ɓoyayye ba ne: shafi ya yi shekara guda yana aiki, daga nan ya ɓace, ofis ya ce an cuce shi, matashi ya ce shi aka cuta. Manufar wannan bayani ita ce a fahimtar da ɓangarorin biyu cewa kuɗin shafin intanet ba dunƙule guda ba ne. Akwai kuɗin haya da ake biya duk shekara, akwai ladan aikin gini, akwai kuma kuɗin kulawa, kuma wajibi ne kowanne ya fito a takarda da layinsa.

Kuɗin da ba na mai gini ba

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar shafin intanet ita ce a kwatanta shi da rumfa a kasuwa. Rumfa tana da lamba da ake gane ta da ita, tana da filin da take zaune a kai, sa'annan akwai kafintan da ya kafa ta. Lambar ita ce adireshin shafi, wato sunan da mutum zai rubuta a waya ko kwamfuta ya isa gare shi. Filin shi ne masauki, wato gurbi a cikin wata babbar kwamfuta da ke kunne dare da rana, inda ake ajiye rubuce-rubuce da hotunan shafin. Waɗannan biyun ba a sayen su a mallaka har abada. Hayarsu ake yi, kuma idan wa'adi ya cika ba a sabunta ba, shafin yana rufewa ko da an biya mai gini miliyoyin naira.

Adiresoshin da suka ƙare da .ng suna ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, kuma ana yin rajistarsu ta hannun kamfanonin da ta amince da su, a biya da naira. Ɗan kasuwa zai iya ɗaukar .com.ng, ƙungiya ta ɗauki .org.ng, makarantar firamare ko sakandare ta ɗauki .sch.ng, yayin da aka keɓe .edu.ng ga manyan makarantu. Shi kuwa .gov.ng na hukumomin gwamnati ne kaɗai, kuma ba a samun sa sai da takardar neman izini daga ofishin da abin ya shafa zuwa ga hukumar NITDA. Saboda haka ƙaramar hukumar da aka kawo mata shafi mai adireshin da ya ƙare da .com, ya kamata ta tambayi dalili kafin ta sa hannu a kan takardar biya. Har ila yau ƙa'idojin da NITDA ta fitar a 2013 sun buƙaci a ajiye bayanan gwamnati a masaukin da ke cikin Nijeriya, lamarin da ya kamata mai ƙiyasin kuɗi ya sani tun farko.

Muhimmancin ware wannan kaso ya fito fili ne bayan watan Yuni na 2023, lokacin da aka saki darajar naira ga kasuwa. Kafin lokacin ana canjin dala a hukumance a kan kimanin naira 460, amma zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Adireshin .com da masaukin ƙasashen waje da dala ake biyan su. Duk matashin da ya karɓi kuɗi dunƙule a farkon 2023 ya yi alƙawarin riƙe shafi shekara uku, ya wayi gari kuɗin sabuntawa ya ninka sau uku, kuma ba shi da bakin komawa ya nemi ƙari. Wasu sun biya daga aljihunsu, wasu kuma sun kashe waya. Maganin wannan shi ne a rubuta kuɗin adireshi da na masauki daban, a bayyana cewa na shekara ɗaya ne, a haɗa da rasit ɗin kamfanin da aka biya, sa'annan a rubuta a ƙasan takardar farashi cewa ƙiyasin yana aiki ne na kwana talatin kacal. Idan mai gini yana son lada a kan zirga-zirgar rajista, halal ɗinsa ne, amma ya rubuta shi da sunansa, kada ya cusa shi a cikin kuɗin haya.

Yadda mai sana'a zai san ladansa

Kuskuren da ya fi yawa a tsakanin matasa shi ne ɗaukar cewa tunda ba su sayi siminti ko katako ba, duk abin da aka ba su riba ce. Ba haka abin yake ba. Kwamfuta tana tsufa, data tana ƙarewa, wuta kuma sai an saya. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ɗaga kuɗin tafiyar da janareta da kuɗin mota, kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin 100. Wanda yake faɗin farashin da ya saba faɗa a 2022 yana aiki ne da asara ko da bai lura ba.

Ga misalin lissafi. Alƙaluman na kwatance ne kawai, kowa ya sa nasa gwargwadon garinsu da halin da yake ciki. A ce matashi ya sayi kwamfuta a kan naira 480,000, yana kuma sa ran za ta yi masa shekara huɗu. Ke nan tana cin naira 10,000 a kowane wata. A ce yana kashe 20,000 a data, 30,000 a wuta da mai, 15,000 a kuɗin mota da katin waya. Jimilla 75,000 ke nan a wata, tun bai sa loma ɗaya a baki ba. Idan abin da zai riƙe kansa da iyalinsa 150,000 ne, to yana buƙatar 225,000 a wata. A nan ne ake yin kuskure na biyu, domin mutum yakan raba wannan kuɗi da kwanakin aiki 22. Amma mai zaman kansa ba kullum yake da aikin da za a biya shi ba. Akwai ranakun neman aiki, da na zaman jira a ofisoshi, da na bin bashi, da na koyon sabon abu. Idan aka ce kwana 12 ne na ainihin aiki, yininsa ya kama naira 18,750. A ɗora kashi 20 cikin 100 domin ajiyar ko-ta-kwana da riba, ya zama 22,500. Ƙaramin shafi na bayanai wanda zai ci kwana takwas, ladansa 180,000 ke nan, ban da adireshi da masauki.

Da wannan lissafi za a ga halin wanda ya karɓi aikin mako biyu a kan naira 30,000. Kuɗin da ya kashe a rabin wata 37,500 ne, wato ya yi wa mutane aiki ya kuma cika musu da 7,500 daga aljihunsa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 tun Yulin 2024. Irin wannan mutum ba mugu ba ne idan ya gudu ya bar aiki a rabi; lissafinsa ne ya kore shi. Saboda haka jami'in da ya ga farashi ya yi arha fiye da kima, kada ya yi murna, domin shafin da aka bari a rabi sai an sake biyan wani ya fara daga tushe.

Jinga ko kuɗin yini

Manoma sun daɗe da sanin hanyoyi biyu na biyan ƙwadago. Ko dai a biya mutum kuɗin yini, ko kuma a yi jingar gonar baki ɗaya. Duka biyun suna nan a wannan sana'a. Kuɗin yini ya fi dacewa da ƙananan gyare-gyare da aikin da ba a san iyakarsa ba, kamar ceto shafin da ya lalace. Jinga kuwa ita ce ta fi dacewa da sabon gini, kuma ita ofisoshin gwamnati suka fi ganewa, domin bauca tana son adadi guda. Sai dai babu ɗan ƙwadagon da yake yin jinga bai zagaya gonar ya ga faɗinta da yawan ciyawarta ba. Wanda aka tambaye shi ta waya, "Nawa kake yin shafi?" ya kuma ba da amsa nan take, ya yi jingar gonar da bai gani ba.

Zagaya gona a nan shi ne zama da mai aikin a rubuta abin da ake so dalla-dalla: yawan ɓangarorin shafin, harshen da za a yi shi, wanda zai kawo rubutun, wanda zai ɗauki hotuna, da ko akwai fom da jama'a za su cike. Batun rubutu shi ne ya fi jawo saɓani. Ofis yakan ɗauka cewa mai gini ne zai rubuta tarihin ƙaramar hukuma, ya tattara sunayen gundumomi da kansiloli da hakimai, ya kuma jera asibitoci da makarantu da ranakun kasuwanni. Shi kuma mai gini yana zaton za a miƙo masa komai a shirye. Ranar da ya je karɓa sai a nuna masa tulin fayil-fayil a cikin kabad, wasu da rubutun hannu. Buga waɗannan takardu aiki ne mai zaman kansa, haka ma zagaya gundumomi goma ko fiye domin ɗaukar hoton rijiyoyi da azuzuwa, kuma kowanne yana da kuɗinsa.

Haka batun harshe. Shafin da aka yi domin mutanen karkara amma aka rubuta shi da Turanci kaɗai bai cika manufarsa ba, sai dai kuma yin sa da harsuna biyu yana kusan ninka aikin rubutu. Fassarar na'ura tana taimakawa, amma ba ta wadatar ba, ballantana a sanarwar da ta shafi allurar rigakafi ko rabon taki, inda kuskuren kalma ɗaya zai iya tara mutane a ranar da ba ita ba. Dole a biya wanda ya iya rubutun Hausa ya duba, a kuma tabbatar cewa haruffan ɓ, ɗ da ƙ suna fitowa daidai a kan ƙananan wayoyi. Bugu da ƙari, shafin da zai buɗe da sauri a ƙauyen da sabis yake da rauni ya fi wuyar ginawa a kan wanda aka cika da manyan hotuna masu motsi. Mai duba aiki a sakatariya yakan fi sha'awar mai ƙyalƙyali, amma manomin da datarsa ta naira ɗari biyu ce ba zai jira shi ya buɗe ba.

Abu na gaba da dole a rubuta shi ne yawan gyaran da jinga ta ƙunsa. Sau biyu ya wadatar. In ba haka ba, yau a ce a canza launi, gobe a ce a ƙara girman hoton shugaba, jibi wani babba ya dawo daga tafiya ya ce a mayar da komai yadda yake. Matashi kuwa kunya ba za ta bar shi ya ce wa sa'an mahaifinsa a'a ba, sai dai ya ce, "To, ranka ya daɗe," ya koma ya sake kwana uku a kan aikin da ba za a biya ba. Idan yarjejeniya ta ce duk gyaran da ya wuce na biyu za a biya shi da kuɗin yini, takarda ce za ta yi magana a madadinsa, girma kuma bai zube ba.

Abin da ke bambanta ƙaramin farashi da babba

Takardun nan uku da aka ambata a farko, mai yiwuwa ne kowacce tana magana a kan aiki daban. Shafin da zai nuna bayanai kawai, kamar allon sanarwa, shi ne mafi sauƙi, kuma yawanci ana gina shi a kan manhajar WordPress, wadda kyauta ce tun fitowarta a 2003. Kasancewar manhajar kyauta bai sa aikin ya zama kyauta ba, kamar yadda samun yashi a rafi bai hana a biya magini ba. Amma shafin da zai karɓi kuɗin makaranta ko harajin kasuwa, ko ya adana sakamakon ɗalibai, ko ya karɓi takardun masu neman aiki, wannan wani mataki ne daban. Yana buƙatar haɗawa da kamfanonin karɓar kuɗi irin su Remita, Paystack ko Flutterwave, waɗanda suke cire la'adarsu a kan kowane biya, yana buƙatar gwaji mai yawa, kuma kuskure a cikinsa asarar dukiyar jama'a ce. Sa'annan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora alhaki a kan duk wanda yake tattara sunaye, lambobin waya da makamantansu, cewa ya tsare su. Mai gini da ya ɗauki wannan nauyi yana da hujjar neman kuɗi mai kauri, kuma irin wannan aiki ba na wanda ya fara koyo jiya ba ne.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ya kamata mai duba takardar farashi ya lura da su. Na farko, takardar shaidar tsaro, wadda take sa adireshi ya fara da https, ana samun ta kyauta daga Let's Encrypt, kuma masaukai da yawa suna haɗawa da ita. Idan an rubuta mata kuɗi mai yawa a ƙaramin shafi, a nemi bayani. Na biyu, wasu ƙarin manhajoji da zane-zanen da ake ɗorawa a kan WordPress na kuɗi ne, kuma lasisinsu na shekara-shekara ne. Masu karya farashi sukan ɗauko na sata daga intanet, waɗanda sau da yawa suke zuwa da ɓoyayyar ƙofa ga masu kutse. Shafin hukuma da aka wayi gari yana tallan caca, galibi ta irin wannan hanya ko ta rashin sabunta manhaja aka shige shi.

Aiki da ofishin gwamnati

Shin daidai ne mai sana'a ya faɗa wa ƙaramar hukuma farashin da ya fi wanda zai faɗa wa mai kanti? A ra'ayin mai wannan rubutu, daidai ne idan bambancin yana da dalilin da za a iya rubutawa, ba daidai ba ne idan dalilin shi ne wai kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne. Dalilan da za a iya rubutawa suna nan: yawan tarurruka da sa hannu, jinkirin biya wanda kan kai watanni, da kuma haraji. Harajin VAT kashi 7.5 cikin 100 ne tun Fabrairun 2020, kuma ofisoshin gwamnati suna cire wani haraji daga kuɗin ɗan kwangila tun kafin su biya shi, su ba shi shaidar cirewa. Matashin da bai san da wannan ba yakan ga kuɗin da ya shigo asusunsa bai kai abin da aka yi ciniki ba, ya ɗauka ma'aji ne ya taɓa. Ya kamata ya je ofishin tara haraji ya tambayi abin da ya hau kansa da kuma sassaucin da doka ta yi wa ƙananan sana'o'i, sa'annan ya nuna haraji a layinsa na daban. Haka nan wanda yake son aikin hukuma sai ya yi rajistar sunan kasuwancinsa da hukumar CAC, ya samu lambar biyan haraji, ya buɗe asusun banki da sunan kasuwancin. Wannan ma kuɗi ne da ya kamata ya shiga lissafinsa na shekara.

Game da kafin alƙalami, a ciniki tsakanin mutum da mutum an saba biyan rabi a farko, rabi bayan kammalawa, ko a kasa uku: kaso ɗaya a farko, ɗaya idan an nuna samfuri, ɗaya ranar miƙa aiki. A aikin gwamnati kuwa, Dokar Sayen Kayayyaki da Ba da Kwangila ta 2007 a matakin tarayya, da takwarorinta na jihohi, sun ƙayyade abin da za a iya bayarwa kafin fara aiki, don haka kada matashi ya yi fushi idan an ce ba za a ba shi rabi ba. Abin da bai kamata ya yi ba shi ne fara aiki da umarnin baki. Jami'in da ya ce masa, "Ɗana, je ka fara, takarda za ta biyo baya," ana iya yi masa canjin wurin aiki kafin wata ya ƙare, wanda ya gaje shi kuma ba ya biyan abin da ba ya cikin fayil.

Akwai kuma wani batu da ba a cika son faɗa ba, amma tilas a faɗe shi. Wani lokaci akan ce wa matashi ya rubuta adadin da ya ninka na gaskiya, a ba shi nasa, saura kuma ya mayar. Ya sani cewa sunansa ne a kan bauca, asusunsa ne kuɗin ya shiga, kuma idan masu binciken kuɗi ko hukumar ICPC suka zo, shi za a fara nema ya yi bayanin aikin da ya yi na wannan adadi. Harajin ma a kan adadin da ya sa wa hannu za a lissafa masa.

Ta ɓangaren dangi da abokan arziki kuwa, ba laifi ba ne mutum ya yi wa makarantar Islamiyyar unguwarsu ko ƙungiyar garinsu sauƙi, ko ma ya yi musu kyauta. Shawara ita ce ya rubuta cikakken farashi, sa'annan ya nuna ragin da ya yi a ƙarƙashinsa. Ta haka za su san girman alherin, kuma idan sun tura masa wani ba za su ce masa ai naira 20,000 yake yi ba. Kuɗin adireshi da masauki kuwa su biya da kansu, domin shi ba ya cikin abin da mai gini yake da ikon yafewa. Su kuma matasan da suke samun aiki daga ƙasashen waje ta dandali irin su Fiverr, wanda yake cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin aiki, su lura cewa farashin dala na can kasuwa ce daban, ba zai zama ma'aunin abin da ƙungiyar manoma za ta iya biya ba. Lissafin kuɗin yini shi ne ƙasan da ba za a sauka ƙarƙashinsa ba a kowace kasuwa.

Bayan an gama gini

Mai wannan rubutu ya taɓa neman wata sanarwa a shafin wata hukuma, ya tarar da hoton shugaban da ya bar kujera shekaru da dama yana yi wa baƙi maraba, labari na ƙarshe kuma shi ne na bikin ƙaddamar da shafin. Da aka bincika sai aka ga an biya kuɗin gini daga kason manyan ayyuka, amma ba a ware ko kwabo ba a kason ayyukan yau da kullum domin kulawa. Wannan shi ne kaso na uku na farashi, kuma shi aka fi mantawa. Kulawa ta ƙunshi sabunta manhaja, ɗaukar kwafin ajiya, sa sababbin labarai da gyara abin da ya lalace. Ana iya yin yarjejeniyar wata-wata ko ta shekara da wanda ya gina shafin, a rubuta yawan sa'o'i ko yawan sanarwar da kuɗin ya ƙunsa. Hanyar da ta fi arha ga ƙaramar hukuma ita ce a biya shi kuɗin yini biyu ko uku ya koya wa jami'in yaɗa labarai da wani ma'aikaci guda yadda za su riƙa sa labarai da kansu, shi kuma a bar masa ɓangaren fasaha. Jami'in tsare-tsare da kasafi ya tabbatar cewa kuɗin sabuntawa da na kulawa sun shiga kasafin kowace shekara.

Daga ƙarshe sai batun mallaka, wanda ya kamata a warware shi kafin a biya kason ƙarshe. A ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, miƙa haƙƙin mallakar aiki daga wani zuwa wani ba ya tabbata sai a rubuce, don haka a sa layi a cikin yarjejeniya da ke cewa zane da rubutun shafin sun zama na mai ba da aiki da zarar ya kammala biya. Ya fi wannan muhimmanci a duba sunan da aka yi rajistar adireshi da shi. Sau da yawa mai gini yakan yi rajista da sunansa da imel ɗinsa domin sauƙi, ba da mugun nufi ba, amma idan ya yi tafiya, ko ya rasu, ko aka samu saɓani, ofis ba shi da hanyar karɓar adireshinsa, kuma idan wa'adi ya wuce wani can yana iya saye. A yi rajista da sunan hukumar ko ƙungiyar, da imel na ofis, ba na wani jami'i da za a iya canza wa wurin aiki ba.

A ranar miƙa aiki, mai gini zai kawo sunan shiga da kalmar sirri na adireshi, da na masauki, da na shafin kansa, tare da rasit-rasit da kwafin shafin gaba ɗaya a kan filashi. Jami'in da aka wakilta ya gwada shiga da kowannensu a gabansa, ya canza kalmomin sirrin, a rubuta su a rufe cikin ambulan a ajiye wurin ma'aji ko sakataren ƙungiya. A rubuta ranar da adireshi da masauki za su ƙare a bangon fayil ɗin, a kuma fara neman amincewar biyan kuɗin sabuntawa aƙalla wata biyu kafin ranar.